Baturiyar Gwadabe Direba

A unguwar Dilimi, cikin garin Jos, ba a zuwa wurin kowa tambayar ko sanyi ya kusa. Ƙofar gidan Gwadabe Direba kawai ake leƙawa. Duk ranar da aka ga ƙafafu biyu sun fito daga ƙarƙashin mota, sauran mutumin yana can ciki yana faɗa da noti, to magana ta ƙare. Mai suwaita ya ciro ta daga ƙasan akwati, mai kasko ya fara neman gawayi, masu shayin Titin Bauchi kuma su ƙara girman tukunya. Ko da ranar ana sharce gumi ne, ba mai musu. In sanyin ya yi jinkiri, 'yan unguwa cewa suke sanyin ne ya makara, amma Gwadabe ya zo a kan lokaci.

Gajere ne shi, kakkaura, da gashin baki kamar burushin goge takalmi. A Dilimi aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga ƙasar Kano neman aikin kuza, ya ga wuri, ya zauna. Da Gwadabe ya tasa sai ya dubi diga da shebur, ya dubi sitiyari, ya lura da wanda ake yi a zaune. Ya fara da karen mota a wata akwala mai jigilar buhunan kuza zuwa tashar jirgi, ya sha zagi, ya sha turi, har hannunsa ya faɗa. Daga baya ya zama direban manajan wani kamfanin haƙar kuza, wani dogon Bature da ma'aikata suke kira Mai Lofe saboda ba ya rabuwa da lofe a baki ko a lokacin da yake faɗa.

Da kasuwar kuza ta fara mutuwa, kamfanin ya tattara komatsansa. Mai Lofe zai koma gida, sai ya bar wa direbansa abubuwa uku a matsayin sallama. Na farko motarsa, Fijo 404 ruwan toka, mai sitiyari a dama, tun ta zamanin da ba a canja hannun tuƙi ba. Na biyu wani kwat mai kauri da ya sauko wa Gwadabe har ƙwauri. Na uku kuwa wani darasi ne, kuma shi ne ya fi sauran nauyi. Baturen ya ce a ƙasarsu sanyi kan daskarar da ruwan da ke cikin mota ya zama kamar dutse, ya fasa inji. Saboda haka mai hankali, in lokacin sanyi ya zo, kullum yamma yakan buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin lagireto ya zubar da ruwan, da safe ya rufe ya zuba sabo. Gwadabe bai tambaya ko ruwan Jos ya san da wannan doka ba. Ya karɓi maganar kamar yadda ya karɓi kwat ɗin, wato ba tare da an auna ba.

Da wannan mota yake ci da gidansa. Ba ya shiga layin 'yan haya a yi ta kokawar fasinja, shi sai shata. Yau ya kai ɗan kasuwa Bukuru, gobe ya kai mai jinya asibiti, jibi ya ɗauko alhaji daga filin jirgi. Akuya ba ta shiga, manja ba ya shiga, mai taba sai ya gama a waje. A shekarun nan da ake ciki, bayan an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin motoci, kowane akawu yana danna ham a kan titi. Gwadabe kallonsu kawai yake yi, ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Shirin sanyinsa kuwa abin kallo ne. Da baƙin mai yake farawa. Ya zare ma'auni, ya murza man tsakanin yatsu, ya sansana, ya ɓata fuska kamar an ba shi miyar jiya, sannan ya juye shi duka ya zuba mai ruwa-ruwa wanda ba ya kama jiki da asuba. Ya sauke batir, ya kankare kawunansa har su yi ƙyalli, ya shafa musu basilin, ya ƙara masa ruwan sama da ya tara a kwalabe tun damina. Fulogai kuma ya wanke su da fetur ya jera a kan tsumma a rana, kamar mai shanya kuɓewa, kuma kaza ba ta isa ta bi ta wajen ba. Ya danna fambel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ya bi tayoyi yana ƙara musu iska, don a cewarsa taya ma takan takure in ta ji sanyi. A ƙarshe ya kunna hita ya zauna a ciki ya lumshe ido. Motarsa tana cikin 'yan ƙalilan da suke da hita a unguwar, kuma babu wanda ya taɓa shiga motar ya fita bai ji wannan labari ba.

Daga ranar sai dokar Mai Lofe ta fara aiki. Da magariba ya shimfiɗa buhu, ya kwanta, ya tura fanteka ƙarƙashin mota, ya buɗe famfo. In ruwa ya gama tsiyaya ya lulluɓe bonet da bargo. Da asuba matarsa Tabawa ta ɗora ruwa a wuta, kuma butar farko ta mota ce, kafin na alwala, kafin na shayi. Ya rufe famfo da hannu, ya ƙara ɗaure shi da filaya, ya zuba ruwan ɗumi a hankali yana bismilla. Tabawa ce ta raɗa wa motar suna. Ta ce duk faɗin Dilimi ba ta san mai wanka da ruwan zafi kullum safiya ba, ga bargo, ga mai yi mata hidima, in ba matar Bature ba. Shi ke nan suna ya bi ta, har yara suna ihun ga Baturiya nan in ta shigo layi. Tabawa dai ba ta yin asara, don ruwan ɗumin da ake zubarwa da yamma da shi take jiƙa tukwanenta.

Mutum ɗaya ne yake masa musu, shi ne Hyginus, bakaniken da ke da gareji a bakin Titin Bauchi. Ɗan ƙabilar Ibo ne, ya bar Jos lokacin rikici, ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake kafa rumfarsa a inda take. Shi kaɗai Gwadabe ya yarda ya taɓa Baturiya, shi ma sai yana tsaye a kansa.

"Oga Gwadabe, abeg, nan Jos ne, ba Landan ba," in ji Hyginus kowace shekara. "Ruwa ba ya zama ƙanƙara a mota a nan. Kullum buɗe, kullum rufe, kana wahala da kanka fo notin."

"Tun da ka san ni, ka taɓa ganin ruwa ya daskare mata?"

"Ban gani ba."

"To ka ga amfanin abin ke nan."

Nan Hyginus zai ɗaga hannu sama ya koma kan aikinsa. Sabo dai turken wawa ne, amma in an ga dattijo ɗaure a jikinsa ba a faɗa da ƙarfi.

Babban amininsa a duniya shi ne Pam, mutumin wani ƙauye a bayan Bukuru. A kamfanin kuza suka haɗu, lokacin Pam yana heluma, wato shugaban leburorin da ke cikin rami. Har bayan da ramin ya cika da ruwa, Pam ya koma noman acca da dankali, Gwadabe bai daina kiransa Heluma ba, shi kuma bai daina kiransa Direba ba. Da Sallah cinyar rago takan tafi ƙauye, da Kirsimati buhun dankali da kaji masu rai sukan zo Dilimi, don Tabawa ta sa a yanka mata da hannun da ta yarda da shi. Da 'yar autan Pam, Firisila, ta samu makarantar koyon malanta a Jos, a gidan Gwadabe ta zauna. Tabawa ce ta koya mata tuƙin tuwon shinkafa, ita kuma ta koya wa Tabawa saƙa hular sanyi.

A ƙarshen shekarar 1978, sanyi ya riga ya zauna, sai ga Pam ya sauka a Dilimi ba sanarwa, ya ƙi shan shayi. Gwadabe ya san akwai magana. Firisila za ta yi aure ranar Asabar ɗin bayan Kirsimati, a wani coci a cikin Jos. Angon, Pwajok, akawu ne a sakatariya, yaro mai ladabi, babu abin cewa a kansa. Matsalar wansa ce, Sylvanus, wani babban ma'aikaci a Kaduna, wanda ya ɗauki bikin nan a kansa kamar shi za a ɗaura wa. Rigar amarya daga Legas ya sa aka kawo. Bijimin yanka shi ya saya, makaɗa shi ya kira. Duk abin da Pam ya ce zai yi, sai a ce masa, "Baba, ka huta." Ladabi ne, amma irin ladabin da yake mayar da mai gida baƙo.

"Direba, sun ɗauke komai," in ji Pam, yana juya hularsa a hannu. "Riga, su. Abinci, su. Har kujeran da zan zauna, su ne sun kawo. Ni uban yarinya ne ko ɗan kallo? Sai na ce musu abu ɗaya. Motan da zai ɗauke yarinya na daga ƙofan gida na ya kai shi coci, ni ne zan kawo. Na ce ina da ɗan'uwa a Dilimi."

"Sai suka ce me?"

"Sylvanus ya yi dariya. Ya ce ba damuwa, zai bi mu a baya da sabon motan shi. Wai in tsohon ya gaji a hanya, sai ya ɗauki amarya."

Gashin bakin Gwadabe ya motsa. An taɓa amininsa, an taɓa motarsa, duk a jimla ɗaya.

"Heluma, in Baturiya ta tsaya a hanya da 'yarka a ciki, kada ka ƙara kirana Direba."

Tabawa daga bakin murhu ta ce, "Malam, a ce in Allah ya yarda mana."

"In Allah ya yarda," ya faɗa, amma da muryar wanda yake ganin an riga an yarda.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da ya yi wa motar a farkon sanyi sai da ya sake shi daga tushe. Man da bai ko yi duhu ba aka juye. Fulogai suka koma shanya. Hyginus, wanda shi ma an gayyace shi bikin, ya saurari injin da kunne a kan sifana ya ce ko a kamfani iyakar abin da za a yi ke nan. Gwadabe ya wanke kujeru, ya goge jiki har mutum yana ganin haƙoransa a ƙofa. Kwana biyu kafin biki ya ƙi ɗaukar kowa, wai tana hutawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki Tabawa suka nufi ƙauye, don su kwana can a tashi da wuri. Gidan Pam yana kan tudu tsakanin duwatsu, an kewaye shi da shingen ƙerana, kuma sanyin wurin yayan na Jos ne. Tun la'asar hannu ya fara ƙin fita daga aljihu. Gwadabe ya shaƙi iskar, ya tuna Mai Lofe, ya ce in akwai inda ruwa zai daskare a ƙasar nan, to nan ne. Da magariba ya shimfiɗa buhunsa a gaban 'yan biki, ya zubar da ruwan tas, ya ja bargo.

Gari na wayewa gida ya hargitse. Kowane murhu da tukunya a kai, amma Kaneng, uwar amarya, ta sauke ta gwate ta ɗora wa mota ruwa, don ta san halin baƙonta. Gwadabe ya sa kwat ɗinsa ya shige ƙarƙashin mota. Yatsunsa sun sandare, da ƙyar yake jin ƙarfen. Ya murɗa famfon da hannu har ya tsaya, ya miƙa hannu ya ɗauko filaya zai ɗaure, sai ya ji muryar Pam a kansa.

"Direba, fito! Yarinyan ka ya durƙusa a gaban dattawa, an sa mishi albarka, ya ce ba zai tashi ba sai Baba Gwadabe ya sa nashi."

Wa zai bar amarya a durƙushe a kan ƙasa mai sanyi saboda famfo? Ya jefa filayar a aljihun kwat ya fito yana kakkaɓe jiki. Ya tarar da Firisila cikin farar riga, kanta a sunkuye. Yarinyar da ta zo gidansa da akwatin kwano tana kukan kewar gida, ita ce wannan. Ya ɗora hannu a kanta, ya yi mata addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka, Musulmi da Kirista suka amsa da amin tare. Muryarsa ta karye a tsakiya, ya ce hayaƙin murhu ne, aka yi masa kara aka yarda.

Daga nan komai da gudu aka yi shi. Kaneng ta miƙo ruwan zafi yana neman hucewa, ya zuba. 'Yan mata suka rufe motar suna ɗaura mata kyallaye masu launi da furanni. Tabawa ta ja shi ɗaki ta zura masa babbar riga a kan kwat ɗin, tana mita wai zai kai 'yar mutane coci yana warin giris. Ya murɗa makulli sau ɗaya, Baturiya ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Famfon kuwa yana nan yadda aka bar shi, da hannu kawai aka murɗa shi, kuma hannun da sanyi ya kama. Yana ɗiga a cikin ciyawa, ba wanda ya gani.

Pam ya zauna a gaba. Firisila tana baya tsakanin Kaneng da Tabawa. A bayansu farar 504 ta Sylvanus, sabuwa dal 'yar Kaduna, sai sauran motocin dangi. Hanyar ƙauyen duk gargada ce, kowane rami kuma yana ƙara sassauta famfon. Gwadabe bai san komai ba, yana ta ba Pam labarin yadda ake shiga kwana ba tare da fasinja ya ji ba.

Sun hau kwalta, sun wuce Bukuru, sai Firisila ta ce daga baya, "Baba Gwadabe, ina hitar nan taka da muke shan labari? Rigar Legas ɗin nan ba ta san Jos ba."

Aka yi dariya. Gwadabe ya miƙa hannu cikin isa ya kunna. Iska ta fito, mai sanyi ƙalau. Ya kara tafin hannunsa, ya jira, ba ta canja ba. Hita da ruwan inji take ɗumi, in ta busa sanyi bayan tafiya irin wannan, to babu ruwan ke nan. Ya saci kallon allurar zafi, ya ga ta bar mazauninta tana hawa. Ya gyara zama, sai wani abu mai tauri ya tokare shi a haƙarƙari. Filayar ce a aljihun kwat. Nan ya tuna bai ɗaure famfo ba.

"Yau tana azumi ne, 'yata," ya ce. "Tabawa, yafa mata mayafinki."

Ya san maganin abin sarai, ko a barci aka tashe shi zai faɗa. A tsaya a gefen hanya, a kashe inji, a buɗe bonet a jira ya huce, kamar tsawon dahuwar tuwo. Ga tsofaffin ramukan kuza nan cike da ruwa a bakin titi, a ɗebo a zuba, a ɗaure famfo. In ya yi haka Baturiya za ta ƙara shekaru tana ciyar da gidansa. Amma Fada, limamin cocin, ba ya jiran dahuwar tuwo, ana da wani auren bayan wannan. Da ya taka birki, Sylvanus zai fito da murmushinsa ya buɗe ƙofar baya, ya ce, "Baba, ka huta."

Ya dubi madubi, farar motar tana manne da su. Ya dubi gefensa. Pam ya sauke gilashi duk da sanyin nan, ya ɗora gwiwar hannu a taga, yana ɗaga wa mutane hannu, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Rabon da Gwadabe ya gan shi zaune a miƙe haka tun yana heluma da mutum ɗari a ƙarƙashinsa. Gaba kura, baya siyaki. Tsoro ya kama shi, da baƙin cikin da bai taɓa ji ba, don ya san abin da zai yi tun kafin ya gama tunanin. Bai taka birki ba.

Duk dabarar da ya koya tun yana karen mota sai da ya zazzage ta a wannan hanya. In an zo gangara ya kashe inji ya sa ta firi, ta sulale da kanta. In gangara ta ƙare ya sa giya ya saki kuloci ta tashi. Totur kuwa kamar ƙwai yake taka shi. Bakinsa yana hira da Pam, zuciyarsa tana lallashin mota, yi haƙuri, saura kaɗan, ni na yi miki laifi. Allura ta kai ja ta zauna.

"Wani yana ƙona ciyawa a nan," in ji Pam, yana shaƙar hanci.

"Lokacinsa ne, Heluma."

Da suka shigo gari sai inji ya fara wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a kwano. Gwadabe ya ɗaga ido, suka haɗa ido da Tabawa a madubi. Matar da ta yi shekaru tana dafa wa motar nan ruwa ta san muryarta kamar ta 'ya'yanta. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙeyar Pam. Sai kawai ta kama hanci ta saki guɗa, ta ɗauko waƙar rakiyar amarya da iyakar ƙarfinta tana tafi. Kaneng ta karɓa da tasu ta gida, Pam ya shiga da muryarsa ta tsohon heluma, har amarya tana dariya tana share ido. Motar ta cika da hayaniya, ba wanda ya ƙara jin cokali a kwano sai direba.

Sylvanus ya matso da motarsa gefe, ya leƙo. "Baba, lafiya? Kamar ina ganin hayaƙi."

Gwadabe ya washe masa baki ya ɗaga babban yatsa. "Numfashinta ne, ɗana. Ba ka ga kai ma naka yana fita ba?"

Saura hawa ɗaya, daga kansa sai gangara har ƙofar coci. Ya sa giya ta biyu. Baturiya ta ja, ta yi nishi, ta ja, ƙarfinta yana zubewa yana jin abin a tafin ƙafarsa. Ta kai kan tudun da ƙyar. Nan injin ya yi wata ƙara guda ɗaya mai nauyi, ya yi shiru, kuma ba shi ya kashe shi ba. Ya taka kuloci da sauri, nauyinta ya ɗauke ta. Ta gangara a hankali da kyallayenta suna kaɗawa, ta shiga harabar coci ba ko tari, ta tsaya daidai bakin matakala.

"Kai, ji mota!" in ji wani a cikin taron. "Ko sauti babu. Na da ɗin nan daban ne."

Gwadabe ya fito, ya zagaya, ya buɗe wa amarya ƙofa kamar yadda yake buɗe wa Mai Lofe. Pam ya kama hannunsa da hannu biyu ya girgiza. Ya waiwaya ya dubi Sylvanus da ke rufe tasa motar, kallo ɗaya tak, sannan ya ba 'yarsa hannu suka hau matakala ana kaɗa ƙararrawa. Tabawa ta wuce ta gefen mijinta za ta rumfar mata, ta ɗan taɓa hannun rigarsa, ta tafi.

Da harabar ta yi shiru, sai ga Hyginus ya kafe babur ɗinsa. Tun kafin ya iso wurin motar ya tsaya, ya shaƙi iska, fuskarsa ta canja. Ya naɗe hannu da hankici ya ɗaga bonet, zafi ya buge shi ya ja da baya. Ya ciro sifana daga akwatin babur, ya kafa, ya danna da dukan ƙarfinsa don ya juya injin. Ko motsi.

"Oga Gwadabe," ya ce a hankali. "Ya buga. Ya kama gaba ɗaya. Wannan ba na gyara ba ne." Ya leƙa ƙasa ya ga famfo a sake, ya ɗago. Shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ce ai na gaya maka, ga ta ta zo, ya kasa. "Tun ina ka sani?"

"Tun Bukuru."

"Tun Bukuru! Kai da ka fi kowa sani? Me ya sa ba ka tsaya ba? Da me za ka ci abinci yanzu?"

Gwadabe ya juya ya dubi matakala. Daga cikin coci ana jin waƙa tana tashi, muryar Pam a saman ta kowa.

"To in sun fito fa?" in ji Hyginus. "Wa zai kai su wurin cin abinci?"

"In sun fito ta zama tasu, motar mijinta za ta shiga. Kawowa ce tamu, kuma mun kawo." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Rufe bonet ɗin, Hyginus, a hankali. Heluma kuma kada ya ji sai an gama cin shinkafa."

Hyginus ya rufe. Gwadabe ya gyara zaman hularsa, ya jingina da ƙofar motar ya harɗe hannu kamar direban da ke jiran fasinja, don duk wanda ya leƙo daga coci ya ga mota da mai ita suna nan lafiya.